Amanar Gidan Kan Dutse

Shafi na 17

Na ga saƙonninku duka. Wata har cewa ta yi wai na bar ta tsaye a kan matakala kwana huɗu, ƙafafunta sun kumbura. Yi haƙuri Hajiya, aiki ne ya riƙe ni. Ku kuma sababbin da aka ƙaro jiya, kar wanda ya dame ni da a turo masa daga farko, ku karanta nan ɗin za ku gane komai.

*

Ranar Laraba na dawo Dubai. Ranar Juma'a na hau bas zuwa Muhaisnah da reza a jakata, sabuwa fil, ko ledarta ban ɓare ba.

Wajen yayana na nufa, Yaya Sanda. Uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Kuma na riga na ɗaura niyya tun daga unguwarmu Hor Al Anz, ba zan baro wajensa ba sai da abin da na je nema, ko da zai daina yi min magana har ƙarshen rayuwarsa.

Ga masu mantuwa, bari in tuna muku yadda aka yi muka kai nan.

Shekarar da Babanmu ya yi aikin Hajji, 1994, wani farin dattijo ya zauna kusa da shi a Harami. Ba Hausa tsakaninsu, ba Larabci, sai murmushi da dabino. Can dattijon ya miƙo masa wata 'yar jakar fata, ya yi masa alama da hannu cewa alwala zai je ya dawo. Bai dawo ba. Kwana uku Baba yana komawa gindin ginshiƙin nan yana zama. Haka ya taho da jakar Kano ya saka a ƙasan akwatinsa, shekara ashirin da biyar, sau ɗaya tak ya taɓa buɗe ta. Da ciwon ajali ya kama shi farkon shekarar nan, hannuna ya riƙe, ya ce akwai makulli a ciki da hoton wani gari da wata takarda, in nemo masu su in ba su, kar a tambaye shi a can.

Bayan sadakar bakwai na buɗe. Makulli na nan, hoto na nan, takarda babu. Na ce a raina zafin ciwo ne ya sa Baba ya ƙara da ita.

Amra ce ta gane hoton, wata 'yar Bosniya da muke aikin jinya tare a asibiti ɗaya. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce Pocitel ne, kusa da garinsu. A bayan hoton an rubuta suna, Salko. Da ta tafi hutu gida sai na nemi biza na bi ta.

Kun dai raka ni mun hau garin nan. Komai nasa dutse ne, gidajen dutse, rufinsu dutse, hanyar ma matakala ce ta dutse da ƙafafun mutane suka goge har ta yi santsi. Ga masallacin da Turkawa suka bari da kubbarsa, ga hasumiya, ga tsohuwar ganuwa can ƙoli, ga kogi kore shar yana wucewa ta ƙasa. Bishiyoyin rumman kuwa har kan hanya suke zubo da 'ya'ya. Ni Wasila da ko hawa na biyu sai na jira lifta, sau uku ina zama ina haki, tsofaffin garin suna wuce ni da kwandunansu suna min sannu.

A can sama muka sami Zumreta, 'yar Alhaji Salko, ta haura sittin. Na ba ta makullin. Ta tashi ta je ta zira shi a ƙofar gidan. Bai shiga ba, don tsohuwar ƙofar ta ƙone lokacin yaƙi, wannan sabuwa ce. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta nemo zare ta rataya makullin a wuyanta. Ta dafa mana gahawa. Sai da muka sha ta ɗauki jakar ta zazzage, ta leƙa ciki, ta juya ta yi wa Amra magana.

Ina takardar?

Ashe Baba da hankalinsa ya yi magana. Takardar gidan ce tun zamanin Turkawa, da rubutunsu irin na Larabci da hatimi. Kuma al'adar gidan, duk magidanci yana rubuta sunayen 'ya'yansa a bayanta. Suna na ƙarshe nata ne, da hannun ubanta, da baƙin boko. Ranar da aka kore su daga garin abu ukun nan kaɗai ubanta ya fita da su, ya ce zai kai su Ka'aba ya yi addu'a ya dawo da su gida. Daga Hajjin nan bai dawo ba. Sauran komai wuta ta ci, ko hotonsa ba ta da shi. Ta ce ba gida take nema da takardar ba, gida ga ta a ciki. Sunanta take son gani da rubutun babanta kafin ta mutu.

A farfajiyar masallacin na zauna na kira Gwaggo Jummai a Kano, ƙanwar Baba kuma aminiyar Inna. Ko jinkiri ba ta yi ba. Ta ce ai takardar Makka Innarku ta kai wa baduku a Dukawa ya ɗinke ta laya, shekarar da Sanda zai tafi Dubai, ita ce ma ta raka ta bakin zaure.

Na sake hawa matakalar nan. Na ɗora hannuna a kan na Zumreta na yi mata alkawari, ranar Juma'a ƙarfe huɗu agogon Dubai Amra za ta hau wajenta da waya in nuna mata takardar, daga baya in kawo mata da ƙafata.

To ita ce Juma'ar da na hau bas ɗin nan.

*

Mace ba ta shiga masaukin ma'aikata, don haka a wani ɗan shagon shayi na mutanen Kerala ta Indiya muka haɗu, bakin titi. Uku saura kwata. Zafi kamar a bakin murhu, maza sun cika wajen an taso daga masallaci, kowa ya shigo sai ya kalle ni sau biyu. Ban kula kowa ba.

Ya shigo da farar jallabiyarsa yana fara'a. Shekara shida Yaya Sanda yana wanke gilashin dogayen benaye, rataye da igiya tsakanin sama da ƙasa. Ya rame, ya yi baƙi, amma bakin nan nasa na nan.

"Hajiyar Turai. An ce har dutse kika hau? Ke ɗin?"

Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, na tambayi aiki, ya sa aka kawo shayin karak kofi biyu. Na fito da rumman ɗin da Zumreta ta tsinko da hannunta ta ce in kai wa ɗan'uwana. Ya juya shi, ya sa yatsa ya fasa shi biyu, ya duba wanne ya fi girma, ya ɗan ɓantaro ya daidaita, sannan ya turo min rabi. Sai da zuciyata ta motsa. Haka Inna take mana tun muna yara. Ko ƙwai ɗaya ne a gidan sai ta sa zare ta raba shi daidai, kar wani ya ce an fi son wani.

A bas na tsara yadda zan bi da shi a hankali, in fara da labarin garin, in lallaɓo. Wallahi ko shayin bai huce ba tsarin ya rushe.

"Yaya, layar da ke damtsenka nake so."

"Wace laya?"

"Wadda ka dafa yanzu."

Ya sauke hannunsa daga damtsen hagu kamar wanda ya taɓa wuta. Na ba shi labari tiryan-tiryan, daga makullin da ya ƙi shiga ƙofa har maganar Gwaggo. Yana ji yana tsintar 'ya'yan rumman ɗaya-ɗaya, bai kai ko ɗaya baki ba. Da na gama ya ce Gwaggo Jummai ta tsufa, ko sunayen jikokinta haɗa su take yi. Na ce ta faɗi unguwar, ta faɗi watan, har ruwan da ya dake su a hanyar dawowa ta faɗa. Ya ce ko da gaske ne, abin da uwa ta ba ɗanta ya zama nasa.

"Ba nata ba ne da za ta bayar."

Ya ɗago. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Wasila, Inna kike kira ɓarauniya?"

"Allah ya tsare bakina. Uwa ce ɗanta zai tafi inda ba ta sani ba. Ta ga rubutun Larabci da hatimi, abu daga Harami, ta ɗauka addu'a ce. Ba ta tambayi Baba ba don ta san zai hana. Ni ma da ni ce ita wataƙila haka zan yi. Amma Yaya, amanar mutane ce a hannunka."

Sai ya fara ba ni labarin da na riga na sani, amma ban taɓa ji daga bakinsa ba. Shekara uku da suka wuce, hawa na talatin da ɗaya, igiyarsa ta suɓuce. Ya ce ya ji iska ta cika masa riga, ya ga motoci ƙanana kamar ƙwari, ya yi salati. Bai san lokacin da hannunsa ya kai kan layar ba, sai kawai ya ji ya tsaya cak yana lilo.

Na ce igiya ta biyu ce ta riƙe shi da ikon Allah, don haka ake ɗaura biyu.

Ya ce ai dama ni 'yar boko ce, komai ina da bayaninsa.

Nan fa raina ya ɓaci, kuma kun san halina, in raina ya ɓaci bakina yakan riga hankalina.

"Takardar gida ce fa Yaya. Iyakar fili ce da sunayen mutane, ba aya ba ce, ba hadisi ba. Shekara shida kana yawo da takardar gidan wasu a hammata. Ni ma ai Inna ta ba ni irinta ranar da zan taho. Satina na farko a garin nan, ina cikin abra, kwale-kwalen hayar nan, za mu tsallaka Bur Dubai, na cire ta na jefa a ruwa. Me ya same ni? Ga ni zaune ina shan shayi."

"Kin jefar da abin da Inna ta ba ki?"

"Na jefar. Allah ne ke tsarewa."

Ya daɗe yana kallona. Na zaci faɗa zai yi, na ma shirya masa. Sai ya sunkuyar da kai ya yi magana ƙasa-ƙasa, har sai da na matso.

Ya ce ya san Allah ne ke tsarewa, shi ma ya yi makarantar allo. Ya ce lokacin da Inna ta rasu bara ni na samu na je, na ga fuskarta, ni na zuba mata ruwa. Shi yana kan igiya aka yi ta kiran wayarsa, sai da ya sauko ya ga kira goma sha ɗaya. Kafin a ba shi izinin tafiya an yi sadakar arba'in. Ya ce da hannunta ta ɗaura masa layar nan a soro, ta ja zaren da haƙorinta, ta tofa masa addu'a. Duk duniya ba shi da wani abu da hannunta ya taɓa sai ita.

"In na gaji, ita nake shinshinawa. Na san warin gumina ne kawai. Amma ita nake shinshinawa."

Kunya ta kama ni, tausayinsa ya kama ni, har na ji kamar in ɗauki jakata in tafi. Na kalli agogon bangon shagon, uku da rabi ta wuce. Na tuna hannun Baba a cikin nawa, yadda ya yi sanyi, yadda ya ƙi sakina sai da na ce na ɗauka. Na gyara zama.

Na ce masa na ji, kuma ban isa in ce ciwonsa ƙarami ba ne. Amma kabarin Inna na nan a Kano, duk ranar da ya je Gwaggo za ta sa a kai shi ya tsaya a kai. Ɗankwalayenta na nan cikin akwati a ɗakina, gobe ma in ya so in kawo masa guda uku. Matar nan kuwa ko inda aka binne ubanta ba ta sani ba. Shekara ashirin da biyar, duk wanda ya dawo daga Hajji a yankinsu sai ta sauko daga dutsen nan ta je ta tambaye shi.

"Da idona na ga ta zira makulli a ƙofar da ta san ba tasa ba ce. Ta sani fa, Yaya. Amma sai da ta gwada."

Ya kau da kai yana kallon titi.

"Abin da kake shinshinawa, ita ma shi take nema. Bambancin kawai, nata ne."

Mai shagon ya zo ya kwashe kofuna, ya tambaya ko a ƙaro. Yaya ya ɗaga masa hannu, khalas, ya isa. Na zaro rezar na ajiye a kan tebur tsakaninmu, kusa da ɓawon rumman. Ya kalle ta ya yi wani guntun murmushi.

"Har da makami kika zo."

"Na zo da shi."

"In na ƙi fa?"

"Juma'a mai zuwa ina nan. Da wadda ke bin ta. Ka san ni."

Ya ce ya san ni, tun ina rarrafe in na kama abu sai dai a yanke hannun. Ya tambayi ƙarfe nawa matar za ta kira, na ce huɗu. Ya duba wayarsa. Sai ya naɗe hannun jallabiyar a hankali har kafaɗa.

Jar fata ce, gumi ya mai da ita kusan baƙa. Da ya kwance ta, wurin da ta zauna a damtsensa ya yi fari fes kamar an ɗaura masa ƙyalle. Na miƙa hannu, ya janye.

"Ba ke za ki yanka ba. Ita ta ɗaura min, ni zan buɗe."

Ya yi bismillah. Ɗinkin ya bi ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa fatar ba. Badukun nan Allah ya yi masa albarka, ya iya aikinsa, ninki biyu ya yi. A ciki farin ƙyalle ne da aka naɗe da zare, a cikin ƙyallen leda, a cikin ledar takarda, an ninke ta ƙanana. Sai Yaya ya turo min ya ce in buɗe, ni na saba da abu mai laushi.

Na goge tebur da gefen mayafina. Na warware ta a hankali, ninki bayan ninki.

Launinta kamar shayin da ba madara. Tawadar ba ta zuba ba ko kaɗan. Ga rubutun nan siriri a karkace, ga hatimin a sama. Na ce alhamdulillahi har sau uku, hawaye na zubo min, ina dariya. Yaya ma ya matso yana leƙe.

Na juya bayanta.

Sunaye ne a jere, kowanne da irin hannunsa da irin tawadarsa. Na sama da rubutun Larabci, na ƙasa da boko. Na bi da yatsa ina sauka, ina neman harafin farko na sunanta. Suna na ƙarshe da na iya karantawa shi ne Salko.

A ƙarƙashinsa takardar ta ƙare.

Ba yagewa ta yi ba, ba gara ce ta ci ba. Almakashi ne, an bi a miƙe sak daga wannan gefe zuwa wancan, yankan mutumin da ya auna kafin ya yanka.

Na sake juya ta. Na duba cikin ledar, na zazzage ƙyallen, na leƙa cikin fatar. Yaya bai taya ni nema ba. Rabin rumman ɗinsa yake kallo, da rabin nawa.

"Wasila." Ya ɗago ya kalle ni. "Taki layar. Wace irin fata ce?"

Na kalli fatar da ke kan tebur.

"Ja."

"Girmanta fa?"

Girmanta daidai da tasa, ba ragi ba ƙari. Inna ba ta taɓa yi wa ɗayanmu abu ta bar ɗaya ba. Rana ɗaya ta kai wa baduku, ta ba Yaya tasa, ta ɓoye tawa shekara uku tana jiran ranar da ni ma zan tafi.

Na tuna ranar sarai. Da yamma ce, ina gefen abra, iska na kaɗa min mayafi. Na ciro ta daga jaka, na saki, ko ƙara ba ta yi ba. Har wani daɗi na ji a raina, wai ni na waye. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba.

Yaya ya dafa hannuna. Mutumin da na gama wankewa tas yanzun nan, shi ne yake neman ya rufa min asiri. Ya ce in ce mata haka muka same ta. Shekara ashirin da biyar, daga Makka zuwa Kano zuwa nan, wa zai ce ga inda rabi ya tsaya? Ko in ce tsofaffi ne suka raba, sun kuma rasu, ba wanda za a tambaya.

Na so in karɓa. Wallahi na so.

"A'a Yaya. Baba kwana uku ya yi a gindin ginshiƙi saboda mutumin da bai san sunansa ba. Ba zan laɓe bayan gawar Inna ba. Ita rabawa ta yi, ni na jefar. Da bakina zan faɗa mata, kuma wannan rabin da ƙafata zan hau in kai, ta yi min duk abin da ta ga dama."

Wayata ta fara ruri a kan tebur. Huɗu daidai, Amra.

Yaya ya taso daga kujerarsa ya dawo gefena ya zauna, hannun rigarsa a naɗe har yanzu. Na share fuskata da mayafi. Na danna.

Fuskar Zumreta ce ta cika wayar. Ta ɗaura sabon farin kallabi, makullin na rataye a wuyanta. A bayanta matan unguwa ne sun cika ɗakin, wasu a tsaye, an jera kofunan gahawa a kan faranti. Tana ganina ta faɗaɗa murmushi, ta lalubo tabarau daga aljihu ta saka, ta matso da fuskarta dab da wayar.

Ta yi magana, Amra ta fassara tana dariya.

"Ta ce gaban ba sauri. Ki fara nuna mata bayan."